Purusanci ya mutu, Latbiyanci ya rayu: a ina hanya ta rabu?

Tambaya: Na karanta cewa a gaɓar Tekun Baltik akwai harsunan da suka ɓace, irin na Purusawan asali da na Liboniyawa, wasu kuma suna gargara. Alhali Latbiyanci da Istoniyanci, waɗanda su ma Jamusawa da Rashawa suka mulki masu su ɗaruruwan shekaru, suna nan daram. Akwai abin da da an yi shi waɗancan za su rayu, ko ƙarancin jama'a ne kawai ya kashe su?

Amsa: Akwai, kuma a tarihin kowannensu ana iya nuna shekarun da hanya ta rabu. Ƙarancin jama'a yana sa harshe ya yi rauni, amma ba shi ne ke kai shi ƙasa ba. A ƙidayar Tarayyar Sobiyet ta 1926 mutanen Veps sun kusa 33,000, kusan dukansu da harshensu a baki. A ƙidayar Rasha ta 2010 masu jin harshen 3,613 ne, mafi yawansu tsofaffi. A arewacin Finlan kuwa, Samiyawan tafkin Inari, waɗanda masu jin harshensu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, sun maido da shi bakin yara cikin shekara ashirin. Da yawan kai ne ke tsare harshe, da akasin haka aka gani.

Da farko a raba dangi biyu da ake yawan cakuɗawa saboda maƙwabtaka. Harsunan Baltik reshe ne na babban dangin Indo-Turai. Lituwaniyanci da Latbiyanci ne suka rage da ƙarfinsu, sai Latgaliyanci a gabashin Latbiya. Purusanci da harsunan Yotbingiyawa, Kuroniyawa, Semigaliyawa da Seloniyawa duk sun tafi. Dangin Finlanci kuwa daga tushen Ural suka fito, ba su haɗa asali da na Baltik ba. Finlanci da Istoniyanci suna da ƙasa da gwamnati. Kareliyanci da harsunan Veps, Izhor da Vot suna cikin Rasha, Liboniyanci a Latbiya, Kven a Norwe, Meänkieli a Suwidin.

Idan aka jera tarihinsu, abu ɗaya ne ke ta maimaita kansa. Harshen da masu shi suka ci gaba da zama a dunƙule a ƙasarsu, suna cin abinci daga sana'ar da ake yi da harshen, suka kuma sami malamai daga cikinsu kafin makarantar dole ta iso da wani harshe, ya rayu ko da a ƙarƙashin bauta ne. Wanda aka tumɓuke masu shi, ko makaranta ta riga malamansa zuwa, ya mutu ko da an buga masa ƙamus.

Purusanci

Purusawan asali ba Jamusawa ba ne, daular Jamusawa ce ta ari sunansu daga baya. Mutanen Baltik ne da ke zaune tsakanin kogin Vistula da kogin Nemunas, yankin da yau ya rabu tsakanin Kaliningrad ta Rasha da arewa maso gabashin Polan. Mayaƙan Salibiyya Jamusawa na ƙungiyar Tiyutonik sun fara cin ƙasar a 1230, suka gama a 1283. A tsakani an ƙulla yarjejeniyar Christburg a 1249, wadda ta ba Purusawan da suka karɓi Kiristanci 'yancin kai da na mallaka da na gado. Babban boren 1260 zuwa 1274, wanda Herkus Monte ya fi shahara cikin jagororinsa, ya ƙare da shan kaye, ƙungiyar kuma ta ɗauka cewa yarjejeniya ta warware. Daga nan aka sami doka biyu a ƙasa ɗaya. Baƙin manoma Jamusawa suna zaune bisa dokar Kulm mai sassauci da tabbacin gado, yawancin Purusawa kuwa suna aikin tilas a gonar ubangida. Wanda ya sami ɗaukaka a cikinsu ta hanyar yi wa ƙungiyar aikin soja, jikokinsa sun tashi Jamusawa. Harshen ya rasa manyansa tun bai sami rubutu ba.

Wannan kaɗai bai isa kisa ba, domin Latbiyawa da Istoniyawa sun yi kusan shekara 700 a hannun iyayengiji Jamusawa. Bambancin farko na hanya ne. Manoman Jamus sun kwararo Purusiya da ƙafa da keken shanu, suka kafa ƙauyuka birjik a tsakanin na 'yan ƙasa. Latbiya da Istoniya kuwa sai ta teku, domin Lituwaniyawan Samogitiya sun tare hanyar tudu, sun kuma doke mayaƙan Salibiyya a Saule a 1236 da Durbe a 1260. Manomi ba ya hawa jirgin ruwa da garmarsa. Saboda haka a can Jamusawa suka tsaya a matsayin masu gandu, fastoci da fataken birni, ƙauye ya zauna da harshe ɗaya. Nasarar Lituwaniyawa a fagen fama ta tsare harsunan maƙwabtansu na arewa ba tare da sun yi niyya ba.

Bambanci na biyu ya fito a ƙarni na 16, kuma a nan ne damar gaske ta kuɓuce. A 1525 Albrecht, shugaban ƙungiyar, ya karɓi aƙidar Furotesta ta Luther, ya mai da ƙasar masarautarsa. Aƙidar tana so kowa ya ji addini da harshensa. Aka kafa jami'ar Königsberg a 1544. A 1545 aka buga littafin koyar da addini da Purusanci, aka sake buga gyararre a shekarar. A 1547, a maɗaba'ar Hans Weinreich ɗin dai, aka buga littafi na farko da Lituwaniyanci, na Martynas Mažvydas. Sarki ɗaya, gari ɗaya, injin bugu ɗaya, tazarar shekara biyu. Lituwaniyanci ya ci gaba: Jonas Bretkūnas ya fassara Littafi Mai Tsarki tsakanin 1579 da 1590, Daniel Klein ya buga nahawu a 1653, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1735. Purusanci ya sami littafi na uku a 1561, daga nan shiru.

Dalilin yana ga waɗanda suka riƙe alƙalami. Mažvydas da Rapolionis da Kulvietis Lituwaniyawa ne masu ilimi, waɗanda suka baro ƙasarsu saboda saɓanin addini, suna rubutu da harshen da suka sha a nono. Littafin Purusanci na 1561 kuwa fasto Abel Will na Pobethen ne ya yi shi da taimakon tafinta, Paul Megott, talaka ne da ake iya janyewa zuwa aikin gandu a kowane lokaci, har Will ya rubuta wasiƙa yana kukan haka. Fassarar tana bin Jamusanci kalma bayan kalma. A coci ma tsarin ke nan: fasto ya yi wa'azi da Jamusanci, tafinta ya juya. Yaron da ya taso yana ganin haka ya riga ya san harshen da ke sama.

Me zai canza lamarin? A lokacin masu harshen sun taru ne galibi a tsibirin-gaɓar Sambiya, arewa da Königsberg, inda tun bayan 1283 aka tsugunar da wasu Yotbingiyawa ma. Yanki ne ƙarami, cocinsa ba su da yawa. Da an 'yantar da samari 'yan ƙasa kamar ashirin daga aikin gandu, an kai su jami'ar da ke bakin ƙofarsu, an maido su fastoci, sannan an ba su littafin waƙoƙin coci da na wa'azin mako-mako, da harshen ya sami abin da Latbiyanci ya samu. Littafin waƙa ya fi muhimmanci a kan yadda ake zato, domin shi ne ake haddacewa, uwa ta rera wa ɗa a gida. Misalin da ya fi kusa shi ne Sorbiyawa, Silabawan da ke tsakiyar Jamusawa a gabashin Jamus: sun sami fastoci nasu da Littafi Mai Tsarki nasu, kuma suna nan har yau.

Ba a yi ba. Harshen ya ƙare wajen shekarar 1700, annobar 1709 zuwa 1711 kuma, wadda ta kashe kusan sulusin mutanen Purusiya ta Gabas, ta share abin da ya saura na tsofaffin ƙauyuka. Gaskiya kuma ita ce, ko da ya rayu, da wuya ya tsallake 1945. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu an kwashe ko an kori kusan dukan mazauna yankin, har da Lituwaniyawan Purusiya da masuntan Kursenieki, waɗanda ba Jamusanci ne harshen gidansu ba. Abin da za a samu shi ne harshe mai adabin shekara 400 da muryoyi a faifai da 'yan gudun hijira masu jin sa. Abin da ke hannu yanzu shi ne littattafan nan uku, jerin kalmomin Elbing 802 na wajen 1400, wasu kalmomi kimanin 100 da Simon Grunau ya tara, da baiti biyu da aka gano a Basel. Masu ƙoƙarin farfaɗo da Purusanci a yau, bisa aikin masana irin su Vytautas Mažiulis, dole suke ƙera yawancin abin da suke faɗa da ƙiyasi daga Lituwaniyanci da Latbiyanci.

Kuroniyawa da Semigaliyawa da Seloniyawa labarinsu daban ne. Ba baƙon harshe ya cinye su ba, narkewa suka yi cikin 'yan'uwansu na kusa, suka zama wani ɓangare na Latbiyawa da Lituwaniyawa. Irin wannan ba ya tsira sai ya sami rubutu na kansa da wuri. Ko hakan ma ba tabbas: Istoniyancin kudu ya sami Sabon Alkawari a 1686, amma da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da karin arewa a 1739, rubutun kudu ya yi ta ja da baya. Sai dai bakin mutane ya riƙe shi, shi ya sa a ƙidayar 2011 kimanin mutum 75,000 suka ce suna jin Võro, wani kari na Istoniyancin kudu.

Abin da ya tsare manyan ukun: Latbiyanci, Istoniyanci da Lituwaniyanci

A ƙarƙashin mulkin Suwidin, Ernst Glück ya fitar da Sabon Alkawari da Latbiyanci a 1685, Bengt Forselius ya buɗe makarantar horar da malaman ƙauye kusa da Tartu ta Istoniya a 1684, dokar cocin Suwidin ta 1686 kuma ta matsa wa kowa ya iya karatu. Daga shekarun 1730 ɗariƙar Kiristoci ta Herrnhut ta bar manoma da kansu suna wa'azi, suna kwafe littattafai da hannu. An soke bautar gandu tsakanin 1816 da 1819. Saboda haka da gwamnatin Rasha ta mai da makarantu zuwa Rashanci a shekarun 1880, ta tarar da jama'a masu karatu, masu jaridu, masu bikin waƙa na ƙasa tun 1869 a Istoniya da 1873 a Latbiya. Ta makara. A Lituwaniya an hana buga harshen da baƙaƙen Latin daga 1864 zuwa 1904, amma akwai maɗaba'a a Tilsit a tsallaken iyaka, akwai masu fasa-ƙwaurin littattafai, akwai limaman Katolika irin su bishop Motiejus Valančius da suka tsara aikin. Hanin shekara 40 bai kashe harshen ba, domin kowa yana gidansa.

Liboniyanci

Wannan ne ya fi ciwo, domin saura ƙiris ya tsira. Liboniyawa su ne Jamusawa suka fara tararwa a bakin kogin Daugava a ƙarshen ƙarni na 12, da sunansu aka kira dukan yankin Liboniya. Sannu a hankali suka koma Latbiyanci. Reshen kogin Salaca ya ƙare a rabin ƙarni na 19 na biyu. Abin da ya rage shi ne ƙauyukan masunta 12 a arewacin Kurzeme da ke yammacin Latbiya, a wani siririn yashi mai tsawon kilomita 60 ko kusa da haka, daga yankin Lūžņa zuwa Melnsils, da Mazirbe da Kolka a ciki. Lokacin da masani Anders Sjögren ya ziyarce su a 1846 da 1852, sun ɗan haura 2,000.

Abin lura shi ne yadda mutane kaɗan haka suka riƙe harshe ɗaruruwan shekaru alhali cocinsu da kasuwarsu da Latbiyanci ake yi. Daji da fadama sun raba su da manoman tudu. Sana'arsu su ce, kuma a cikin kwale-kwale da wurin gyaran raga da wurin ƙyafe kifi Liboniyanci ake yi. Hulɗarsu ta fi yawa da tsibirin Saaremaa a tsallaken mashigin Irbe, inda Istoniyawa kan zo ƙwadago, wasu su yi aure su zauna, kuma da yake harsunan dangi ne, baƙon kan koma Liboniyanci ba wahala. Duk wanda ya shigo ƙauye, shi ke koyon harshen ƙauye. Muddin haka ta ɗore, harshe yana lafiya.

Sau huɗu aka sare wannan. Wajen 1860 masunta suka ƙi yarda da ƙarin haya da mai gandun Dundaga ya ɗora musu, aka kori iyalai da dama, aka zuba Latbiyawa a gidajensu. A 1915 sojan Rasha ya kwashe mutanen gaɓa saboda yaƙi; yaran da suka yi shekaru a Latbiya ta tudu da Istoniya da Rasha sun dawo da wani harshe, wasu ba su dawo ba sam. Na uku ya zo cikin zaman lafiya. A 1923 aka kafa ƙungiyar Liboniyawa mai suna Līvõd Īt, suka nemi a haɗa ƙauyukansu a gunduma ɗaya tasu, gwamnatin Latbiya ta ƙi. Abin da aka ba su shi ne darasi ɗaya a mako, na ganin dama. An yi aiki na gaske a shekarun nan: littattafan karatu biyar da aka buga a Istoniya, jaridar Līvli daga 1931 zuwa 1939, ƙamus ɗin Lauri Kettunen na 1938, da gidan al'umma a Mazirbe da aka buɗe a Agustan 1939 da tallafin Finlan da Istoniya da Hangari. Bayan 'yan makonni yaƙi ya ɓarke.

Na huɗu shi ya gama. Bayan 1945 gaɓar ta zama iyakar Tarayyar Sobiyet ta yamma. Aka hana fita su daga ƙauyuka yadda aka saba, aka tattara sana'ar a manyan wurare irin su Kolka da Roja da Ventspils. Har yau akwai maƙabartar kwale-kwale a dajin Mazirbe. Matasa suka bi aiki zuwa gari, suka auri Latbiyawa, iyaye suka daina yi wa yara harshen da ba shi da wurin amfani. Grizelda Kristiņa, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen tun daga goyo, ta rasu a Kanada a 2013 tana da shekara 103.

A ganina 1923 ce mahaɗar. Gunduma ɗaya tana nufin magatakarda da malamin makaranta da ma'aikacin coci masu jin harshen, wato albashi da ake samu saboda Liboniyanci. Da aji ɗaya zuwa huɗu da Liboniyanci ake koyarwa daga 1923 zuwa 1940, da an sami zuriya guda mai karatu da rubutu da shi, wadda za ta kai shekarun 1990 da ƙarfinta. Hakan ba zai hana sojan iyaka zuwa ba, amma da Latbiya ta dawo da 'yancinta a 1991, da ɗaruruwan masu harshen za ta tarar, ba 'yan gomomi ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce tazarar da ke tsakanin gyara da tono.

Vot, Izhor, Veps, Kareliya

A ɓangaren Rasha cocin Otodoks bai buƙaci kowa ya yi karatu da harshensa ba, don haka waɗannan suka shiga ƙarni na 20 kusan ba rubutu. Damarsu ta zo a farkon shekarun 1930, lokacin da gwamnatin Sobiyet ke ƙirƙira wa ƙananan al'ummu baƙaƙe. Izhor da Veps suka sami rubutu da baƙaƙen Latin, da littattafan firamare, da malamai. Väinö Junus ya buga nahawun Izhor a 1936. A 1937 aka soke komai, aka janye littattafan, aka harbe Junus. Shekara biyar ke nan, ko zuriya ɗaya ba ta gama makaranta ba. Da an bar tsarin shekara 30, Veps da Izhor mai mutum 16,000 a 1926 za su iya zama kamar sauran harsunan Rasha masu jarida da rediyo, masu rauni amma da rai.

Vot ko wannan bai samu ba. Peter von Köppen ya ƙirga su 5,148 a 1848, a 1926 sun koma 705, domin suna ta narkewa cikin Izhor da Rashawa. A 1943 da 1944 aka kwashe kimanin mutum 63,000 daga yankin Ingriya da ke kusa da Leningrad zuwa Finlan, har da Vot da Izhor. Da aka maido da yawancinsu bayan sulhu, ba a bar su sun koma gida ba, aka watsa su a tsakiyar Rasha. Waɗanda suka lallaɓo suka dawo daga baya sun koyi cewa yin harshen a fili hatsari ne. A 2010 mutum 64 suka rubuta kansu Vot. Ƙauyukansu na ƙarshe, Krakolye da Luzhitsy, suna jikin babbar tashar jiragen ruwa ta Ust-Luga.

Veps an raba su tsakanin hukumomi uku, Kareliya da Leningrad da Vologda, sannan a shekarun 1960 da 1970 aka rufe makarantu da shaguna a ƙauyukan da gwamnati ta ce ba su da makoma. Kareliyanci kuwa matsalarsa har da ta zaɓi: a jamhuriyar da ke ɗauke da sunansa an daɗe ana amfani da Finlanci a madadinsa, an gwada haɗaɗɗen rubutu da baƙaƙen Rasha daga 1937 zuwa 1940 wanda ya cika da kalmomin aro har masu harshen ba sa gane shi. Yau da baƙaƙen Latin ake rubuta shi, dokar Rasha ta 2002 kuma ta ce harshen hukuma sai da baƙaƙen Rasha, shi ya sa Kareliya ce jamhuriyar da harshen masu sunanta ba na hukuma ba ne.

Mai karatu Bahaushe ya tuna cewa a wannan lissafi shi yana ɓangaren Latbiyanci ne, ba Liboniyanci ba. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ƙare ne a rabin farko na ƙarni na 20 saboda masu shi sun koma Hausa, ba tare da wata dokar hani ba.

Inda tsofaffi suka rage, yaya ake yi?

Samiyancin Inari ba ya cikin dangin Finlanci na kusa, ɗan'uwa ne na nesa, amma shi ne gwajin da ya yi nasara a yankin, kuma matakansa a bayyane suke. A 1986 aka kafa ƙungiyar harshen, lokacin yaran da ke jin sa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A 1997 aka buɗe gidan renon yara wanda ba a yin komai a cikinsa sai da harshen, dabarar da Maori na Niyu Zilan suka fara a 1982. Suna kiran sa sheƙar harshe.

Lissafin sa'o'i ne ke bayyana dalilin nasararsa. Darasi ɗaya na minti 45 a mako, cikin makonni 35, bai kai sa'a 27 a shekara ba. Sheƙa mai sa'a bakwai a rana, kwana biyar a mako, makonni 40, sa'a 1,400 ce. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da ya shiga yakan fara fahimta cikin watanni, ya fara mayar da magana daga baya. Sharuɗɗan su ne: yara kaɗan a rukuni ɗaya, manya biyu aƙalla masu harshen sosai don yara su ji ana hira ba umarni kawai ba, kuma kada a fassara. Da zarar mai reno ta fara maimaita magana da babban harshe don a yi sauri, yara sun gane cewa jira kawai za su yi.

Matsala ta gaba takan fito bayan shekara uku ko huɗu. Yaron ya shiga firamare, idan babu aji da harshen, cikin shekara biyu ya koma mai ji ba ya mayarwa. A Inari an fara koyar da darussa da harshen a makaranta a 2000. Nan kuma aka ci karo da giɓin tsakiya: akwai kakanni, akwai jikoki, babu 'yan shekara 20 zuwa 50 da za su zama malamai. Maganin da Marja-Liisa Olthuis da abokan aikinta suka tsara a 2009 zuwa 2010 shi ne a ɗauko manya masu sana'a a hannu, malamai da ma'aikatan reno da 'yan jarida da fasto, a raba su da aikinsu shekara guda cur, su koyi harshen dare da rana: aji, sannan zama da tsofaffi a gidajensu ana kamun kifi ana girki, sannan gwajin aiki da harshen. Mutum 17 suka kammala. Ga al'umma mai masu harshe kusan 350, wannan juyin zamani ne. Hikimar ita ce ba a koyar da harshe sannan a nemi sana'a ba. Mai sana'a aka ba harshe.

Abubuwan da kan lalata irin wannan aiki sanannu ne. Kuɗin shekara ɗaya-ɗaya yakan sa ƙwararriyar mai reno ta tafi inda albashi ke da tabbas. Rikicin kari da ƙa'idar rubutu yakan cinye shekaru, kamar yadda Kareliyanci ya rabu tsakanin rubutun arewa da na Livvi da na Tver. Abin da ya fi shi ne kowace sheƙa ta yi karin ƙauyenta, a daidaita baƙaƙe kawai. Tsofaffi masu yi wa sabon koyo dariya kan rufe masa baki har abada, don haka su ma sai an shirya su. Iyaye kuma idan ba su koyi ko da maganar cin abinci da wanka da kwanciya ba, harshen ya zama na wurin reno. A Kareliya an gwada sheƙa a Kalevala da Petrozavodsk da Vedlozero, amma rashin goyon bayan hukuma da rashin ci gaba zuwa firamare sun hana ta yaɗuwa.

Wajen ɗaukar murya ma akwai kuskuren da aka daɗe ana yi. Masanan da suka gabata sun fi tara tatsuniya da waƙa da sunayen kayan su. Wanda zai reni yaro da harshen yana buƙatar yadda ake rarrashi, da tsawa, da ba'a, da gardama tsakanin mutum biyu. A ajiye na'ura a ɗakin girki a bar tsofaffi biyu suna hira, a rubuta abin da suka faɗa tun suna raye don a tambaye su inda ba a gane ba. Sa'a ɗaya ta hira takan ci kwanaki wajen rubutawa, a sa wannan a kasafi tun farko.

A ma'aunin nan, Võro da Latgaliyanci, wanda mutum sama da 160,000 suka ce suna yi kullum a ƙidayar 2011, suna da duk abin da ake buƙata in ban da isassun sa'o'in makaranta. Meänkieli da aka amince da shi a Suwidin a 2000 da Kven da Norwe ta amince da shi a 2005 suna da doka da kuɗi, ƙarancinsu na malamai ne, wato daidai inda tsarin Inari ke aiki. Kareliyanci da Veps suna da sauran tsofaffi masu yawa, abin da ya tare su siyasa ce. Vot da Izhor aikin da ya rage a kansu na gaggawar ɗaukar murya ne. Liboniyanci yana da dokar harshe ta 1999 da ta kira shi harshen 'yan asali, da sansanin yara na bazara tun 1992, da ƙamus na harshe uku na 2012, da cibiya a Jami'ar Latbiya tun 2018, da allunan hanya masu harshe biyu tun 2023. Masu iya hira da shi 'yan gomomi ne, a warwatse tsakanin Riga da Ventspils da Kolka da Tartu. Sansanin 'yan kwanaki a shekara ba zai haifar da mai harshe ba. Matakin da ya rage musu shi ne a biya manya biyar ko shida su yi shekara guda ba abin da suke yi sai Liboniyanci, sannan a buɗe sheƙa ɗaya a Riga, inda iyalan suka fi yawa.